Hanya ta Uku Zuwa Ɗakin Gwaji

Tela ne na ƙarshe da ya san asirinsa ya tonu, kuma a wajen shan shayi ya sani.

Masu shagunan ginin sun saba haɗuwa da hantsi a ƙarƙashin matattakalar bene, inda Mai Gadi yake ɗora butarsa. Kofuna a faranti ɗaya suke, kowa ya ɗauki wanda hannunsa ya kai. Ran nan Tela ya miƙa hannu, sai Mai Gadi ya yi wuf ya turo masa wani kofi daban, an ɗaura jan zare a mariƙinsa.

"Ga naka nan, Malam Tela."

Ya dubi kofin, ya dubi mutane. Mai Magani ya shiga gyara agogonsa, Mai Kitso ta tuna ta bar wata da rabin kai a tsefe. Babu wanda ya yarda suka haɗa ido.

Bai daɗe da karɓar sakamakon jininsa ba a ɗakin gwajin da ke cikin ginin: ciwon hanta. Ko matarsa bai gaya wa ba, yana ta neman bakin zaren, ga shi mai gadi ya riga uwar 'ya'yansa ji. Ya ajiye kofin a hankali, ya nufi kantar ɗakin gwaji. Shi ba mai ɗaga murya ba ne, amma ran nan har masu wucewa a titi sun ji shi.

Kafin rana ta raba, ginin ya gama shari'a. Sakatariyar ɗakin gwaji ce ta tona asirin. Ita take buga sakamako, ita take ninke shi ta sa a ambulan, wa kuma zai sani in ba ita ba? Ƙari a kan haka ba ta zuwa shan shayi, ba ta tsayawa hira, gaisuwa kawai ta wuce, mutane kuwa ba sa yafe wa mai shiru. Abin haushin shi ne, waɗanda suka fi zaƙewa wajen tsine mata su ne waɗanda suka yi ta yawo da labarin shago-shago. Mai ɗakin gwajin, wanda kowa ke kira Dakta ko da yake shi da bakinsa yakan ce ba likita ba ne, ya ce ta haɗa kayanta kafin ƙarshen mako, kuma zai rubuta wa hukumar da ke ba su izinin aiki. In takardar nan ta tafi, babu ɗakin gwajin da zai sake ɗaukarta, ko shara ce.

Abin da ta ce kawai shi ne, "Ban faɗa wa kowa ba, Dakta."

*

Don kada a ce bai bincika ba, Dakta ya kira Bi-Sawu. Ita ce ta haɗa kwamfutocin ginin gaba ɗaya, kuma ta samo sunan ne saboda in abu ya lalace ba ta tambayar kowa, sai ta kama waya da yatsu ta yi ta bin ta har inda ta ƙare. Ta zo da tsaninta a kafaɗa da jakar kayan aiki.

Injinan gwaji a saman bene suke, kantar Sakatariya da firinta a ƙasa. Duk sakamakon da ya fito sai ya bi waya ya sauko. Dakta ya ce shi dai yana so ya san ko wani zai iya tare shi a hanya.

"Dakta, ka ga ɗan akwatin nan mai ƙifta ido? Kowane shago yana da irinsa. Ba ni nake gaya musu inda za su bi da saƙo ba, su suke gaya wa junansu. Jim kaɗan sai wannan ya ce wa maƙwabcinsa, ina nan, kuma daga wajena zuwa kanta taku kaza ne. Wanda ya faɗi mafi kusa, ta wajensa ake bi. In waya ta tsinke ba sa jirana, da kansu suke neman wata hanyar."

"To in wani akwatin ya shirga ƙarya fa?"

"Sai su yarda da shi. Ai maƙwabta ne."

Tana faɗa ta tuna da sakacinta. Akwai yadda ake sa akwatunan su nemi kalmar sirri kafin su yarda da maganar juna, ita kuwa ba ta sa ba, a ganinta gida ɗaya ne, duk an san juna.

Hanya biyu ta gina wa sakamakon gwaji. Ta farko waya ce miƙe ta gefen matattakala. Ta biyu ta ko-ta-kwana ce, ta ratsa ta akwatin Mai Magani, saboda ɓeraye sun taɓa cinye ta farkon. Ta buɗe kwamfutarta, ta tambayi akwatunan, suka ce ta matattakala suke bi. Ta ƙirga wayoyin da ke jikin akwatin sama, ta same su daidai yadda ta bar su.

"Hanya lafiya lau take, Dakta."

"To shi ke nan," in ji shi, har da ajiyar zuciya. "Ba na'ura ba ce, baki ne."

Sai a lokacin ta lura ƙofa a buɗe take, kuma Sakatariya tana tsaye a bakinta da kwali a hannu. Matar ta juya ta sauka. Bi-Sawu ta ji kamar da hannunta ta sa wa takardar korar tambari, kuma ba don ta tabbatar da komai ba, don dai ta yi saurin baki ne.

*

Bi-Sawu ta sami Sakatariya a kantar ɗakin gwaji tana kwashe durowa: man shafawa, ɗan madubi, hoton yara uku cikin kayan makaranta.

"Anti, ki yi haƙuri da abin da kika ji. Yau na duba, ban duba jiya ba."

"Aikinki kika yi."

"Babu wani abu da kika lura ya canza a 'yan kwanakin nan? Komai ƙanƙantarsa."

Sakatariya ta tsaya da madubin a hannu. "Sakamako ya riƙa jinkiri. Da, da zarar an turo daga sama firinta za ta kama aiki. Sai ya zamana ina zaune ina jira, kamar saƙon yana ɗingishi. Na gaya wa Dakta, ya ce ai halin na'ura ne."

"Har yanzu yana yi?"

"Tun ranar da Malam Tela ya zo ya yi faɗa, ya warke."

Ruwa ba ya tsami banza. Saƙon da ya yi jinkiri ya biya ta wani wuri ne, wanda kuma ya warke ranar da aka yi rigima, akwai mai ba shi magani.

"Anti, su wa da wa suka yi gwaji a tsakanin nan? In na san wanda ake fako, zan san mai fakon."

"Ba zan faɗa ba."

"Don in wanke ki fa nake tambaya."

"Na sani, ƙanwata. Ba zan faɗa ba."

Ta yi wa Bi-Sawu wani irin dogon kallo, sannan ta kawar da kai da sauri ta ci gaba da cusa kaya a kwali. Bi-Sawu ta fita tana cewa a ranta, wannan kallon na mai ɓoye wani abu ne. Har ga Allah, a kan matattakala ta fara tunanin ko mutanen ginin sun yi gaskiya.

*

Tunda hanya ta biyu ta akwatin Mai Magani ta bi, da shi ta fara. Mutum ne mai jiki da yawan magana, amma tana shiga da tsani ya kama zufa, ya fara rantsuwa tun ba a tuhume shi ba.

"Wallahi ni ko taɓa abin nan ba na yi! Ki duba, ki duba da kyau."

Biri ya yi kama da mutum. Ta hau ta duba. Akwatin yana bayan kwalayen auduga, saƙar gizo-gizo ta haɗe shi da bango, a cikinsa kuma babu abin da aka sauya ko ɗigo.

"To zufar ta mece ce?"

Ya zauna daɓas a kujera. "Kunya ce, 'yar'uwa. Ni fa na san irin ciwon nan nasa ba a ɗaukarsa a kofi, ba a ɗaukarsa a musabaha. Ina zaune aka ɗaura zaren nan, ban ce uffan ba. Shekaranjiya ma ya miƙo min hannu, na yi kamar ina neman makulli."

"A wajen wa ka ji labarin?"

"Mai Gadi."

Mai Gadi ya ce shi talaka ne, ina shi ina sanin abin da ke cikin ambulan, a bakin Mai Kitso ya tsinta. Mai Kitso tana tsaga kan wata ta ce ita fa ba ta gulma, wata ce ta faɗa tana zaune a wannan kujerar.

"Wace ce?"

"Haba, Bi-Sawu! Abin da aka faɗa a kujerar kitso amana ne."

"Amanar ce ta kai har ƙarƙashin bene?"

Mai Kitso ta ja gashin hannunta har mai kan ta yi ƙara. "Ni dai in na tuna da kyau ma, kamar Mai Magani ne ya fara faɗa."

Magana ta zagayo inda ta tashi. Akwatuna ma suna yin haka in lissafinsu ya rikice, wannan ya miƙa wa wancan, wancan ya miƙa wa na gaba, saƙo ya yi ta kewayawa har ya mutu a hanya. Kowa a ginin nan yana da abin jin kunya, shi ya sa kowa ya yi kama da mai laifi.

Bi-Sawu ta leƙa shagon Tela. Keken ɗinki a rufe da ƙyalle, shi kuma yana ninke yadin da wata ta aiko a karɓar mata ba a ɗinka ba.

"Ba ni da abin faɗa miki," in ji shi. "Jiya na gaya wa matata. Ta ce ta riga ta ji a bakin famfo, tana jira ne ta ga ranar da zan ɗauke ta mutum."

*

Da ƙafafunta suka gaji, ta shiga shagon ƙaninta. Auta yana ɗaukar hoto da buga katuna a shagon da ke manne da kantar ɗakin gwaji. Magidanci ne da mata da jaririya, amma a wajenta har gobe Auta ne, kuma kullum ta shigo sai ya tsokane ta cewa ta auri tsani. Ran nan kujera kawai ya turo mata.

"Yaya, ba za ki huta ba? Dakta ai ya riga ya yanke hukunci."

"Da bakina ya yanke shi. Kai ba ka ji komai ba?"

"Me zan ji? Ni da nake cikin ƙarar inji." Ya yi ta jera hotuna yana sake bajewa. Can ya ce, "Yaushe rabonki da gidan Baba?"

"Aiki ya yi min yawa. Lafiya dai?"

"Lafiya. Tambaya ce kawai."

Akwatinsa yana nan a saman kabad, tana iya ganin ƙiftawarsa daga inda take zaune. A tsarinta lungu ne marar fita, waya ɗaya ce tak ta haɗa shi da kantar ɗakin gwaji. Ta hau tsani a shagon Mai Magani, ta hau a na Mai Kitso, har na Tela da aka zalunta sai da ta leƙa. Nan kuwa ko tashi ba ta yi ba. Ta sha ruwan da ya ba ta, ta yi masa sallama.

*

Washegari ta daina tambayar mutane, ta koma tambayar wayoyi. Ta ce wa Dakta ya zauna a sama ya riƙa turo takardar gwaji marar suna duk lokacin da ta ƙwala masa kira. Sakatariya tana gefe, an bar ta ne kawai ta ƙarasa miƙa aiki.

Bi-Sawu ta zare wayar matattakala. "Turo!"

Aka ɗan jima, akwatuna suka gane maƙwabcinsu ya yi shiru, suka juya ta wajen Mai Magani. Firinta ta furzo takarda. Haka ya kamata.

Ta je ta zare ta Mai Magani ma. Yanzu sama da ƙasa sun rabu, ko aljani ne sai dai ya sauko da takardar a hannu. "Turo!"

Shiru. Ta fara naɗe hannun riga za ta mayar da wayoyin, sai firinta ta yi tari, ta ja takarda, ta furzo ta.

Sakatariya ta dubi takardar, ta dubi wayoyin biyu a hannun Bi-Sawu. "Ta ina ya biyo?"

"Ta hanyar da ban gina ba."

Ta hau sama, ta tsaya gaban akwatin da ta ƙirga wayoyinsa jiya. Adadinsu daidai ne, amma ƙirga ba bi ba ne, kuma ita ta fi kowa sanin haka. Ta kama su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ya kamata ta tafi tsohuwar kyamarar baranda, wadda ta daɗe da mutuwa, ba can ta nufa ba. Ta shige silin.

Bi-Sawu ta kafa tsani, ta ɗaga murfin silin, ta shiga da tocila a baki. Zafi kamar tanda. Ta yi rarrafe a kan katako tana bin wayar da yatsu, ta wuce saman injinan gwaji, ta karya kwana, ta isa inda bututun wayoyin lantarki yake sauka ƙasa. Wayar ta bi bututun. Ba ta bukatar kowa ya gaya mata shagon da ke ƙarƙashin wannan kusurwar.

Nan take zuciyarta ta fara kawo mata uzuri. Shago ne, mutane suna shiga suna fita. Wataƙila wani ne ya yi amfani da shi bai sani ba. Wataƙila mai gyaran lantarki ne. Tana cikin haka hasken tocila ya sauka a kan kwanar, ta ga ɗaurin.

An bar wa wayar ɗan zagaye kamar faɗin tafin hannu, an ɗaure da zare mai kakin zuma, zagaye biyu, an cusa jelar a ƙarƙashi. Masu aikin yanzu da maɗaurin roba suke yi, su ja shi tamau. Mahaifinsu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana ja wa mutane layin tarho a kan turaku, shi ne bai yarda da roba ba, yakan ce waya ma tana son numfashi. Mutum biyu ya koya wa wannan ɗaurin a tsakar gidansu, yana dukan hannun wanda ya yi kuskure. Ɗaya daga cikinsu ce take durƙushe a silin. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Ta laluba jaka ta ciro filaya. Datsa ɗaya a nan, ja ɗaya daga ƙasa, shi ke nan babu hanya ta uku, sai ta ce wa Dakta na'ura ce ta yi gardama. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron nan a bayanta ya yi wayo. Ta sa bakin filayar a jikin wayar, gumi yana shiga mata ido.

Ta cikin bututun sautin ƙasa yake hawowa. Ta ji ana jan salatif, ana rufe bakin kwalin Sakatariya.

Ta mayar da filayar cikin jaka.

*

Ta ce wa Mai Gadi ya tara mata kowa a gaban kantar ɗakin gwaji. Suka zo suna jan ƙafa: Mai Magani, Mai Kitso da mataji a gashinta, Tela can baya shi kaɗai, Auta a jingine da ƙofar shagonsa. Dakta ya bar ma'aikacinsa a sama yana turo takarda.

Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ɗaga wayoyin biyu kowa ya gani, ta ƙwala kira, firinta ta furzo takarda.

"Wani ya ja waya ta uku," in ji ta. "Ya sa akwatinsa ya ce wa sauran shi ne mafi kusa, suka yarda, duk sakamakon da ya sauko ya riƙa biyawa ta kwamfutarsa. Da rigima ta tashi, sai ya juya maganar, ya sa akwatin ya ce shi ne mafi nisa, a zatonsa babu saƙon da zai sake bi ta can. Ya manta cewa hanya mai nisa ma hanya ce in sauran sun toshe. Laifina a ciki shi ne na bar akwatunan suna yarda da kowa, kuma na ce hanya lafiya take ban bi ta ba. Anti ba ta faɗa wa kowa komai ba."

"Wane ne?" in ji Dakta.

"Ina so ya faɗa da bakinsa."

Mai Magani ya buɗe baki zai fara rantsuwa, Mai Kitso ta zungure shi. Bi-Sawu ba ta dubi kowa ba, firinta take kallo.

"To, Mai Gadi, je ka wajen mita. Ka riƙa kashe wutar shaguna ɗaya bayan ɗaya. Shagon da aka kashe takarda ta daina fitowa, shi ne."

Mai Gadi ya juya ke nan, aka ce daga bakin ƙofa, "Ba sai an kashe ba, Yaya."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Auta ya zame ya tsuguna a inda yake, ya riƙe kai.

"Baba na gani," in ji shi. "Na gan shi yana fita daga nan ta ƙofar baya, yana ɓoye auduga a hannu. Na tambaye shi, ya ce idona ne. Ga shi kullum yana ramewa, wandonsa har ya ƙara masa huda a bel. Na zo na roƙi Anti, har na yi mata kuka, ta ce ba ta san zancen ba. Sai na ce bari in gani da kaina. Wallahi nasa kawai nake nema. Amma ba ka sanin na wane ne sai ka buɗe, na yi ta buɗewa. Da na ga na Malam Tela, matata kawai na gaya wa, saboda tana yawan kai masa jaririya ya yi mata wasa. Na ce kada ta faɗa wa kowa."

Ido ya koma kan Mai Kitso. Ta zare matajin daga kanta tana dubansa kamar yau ta fara ganinsa.

"Ka ga ana korar baiwar Allah nan, ka yi shiru?" in ji Dakta, yana duban Auta.

"Kullum ina cewa gobe zan faɗa."

Tela ya matso. Mutane suka buɗa masa hanya, wannan karon don kunya. Ya tsaya a kan Auta, bai ɗaga murya ba.

"Ka ce babanka kake tsoron rasawa. Ni ma uban wasu ne. 'Yata ta dawo daga makaranta ta ce ƙawarta ta canza benci." Ya juya wajen Sakatariya. "Ke kuma na zage ki a gaban jama'a. Ki yafe min, don Allah."

"Na yafe, Malam."

Dakta ya yi ta kame-kame, ya ce ai shi dama zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya ce takardar ma bai aika ba, ya ce Sakatariya ta mayar da kayanta. Sannan ya ce maganar Auta kuwa dole ta je gaban hukuma, domin asirin marasa lafiya da yawa ya buɗe, kuma za a nemi wanda zai yi bayanin wayar.

"Ni zan yi," in ji Bi-Sawu.

Da mutane suka watse, kowa yana sauri kamar ana kiransa, Auta ya ɗago da jajayen idanu.

"Yaya, na Baba... na gani. Kina so in..."

"Rufe min baki," ta ce. "Abin sata ne, ba na so."

*

Ta mayar da wayoyin biyu, ta cire ta ukun, ta bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya ta sa musu kalmar sirri. Ta yi ta jan aikin, domin muddin hannunta yana motsi ba sai ta yi tunani ba. Da ta gama, ba kowa a wajen kantar sai Sakatariya, tana yanke salatif ɗin kwalinta da reza.

Bi-Sawu ta jingine tsani. Yanzu ta gane kallon nan na ranar farko, ta kuma tuna abin da ta fassara shi da shi a kan matattakala. Kunya ta rufe ta har wuya.

"Anti, ni ma na zarge ki."

"Na gani a fuskarki."

"Kin san da zancen Baba tun tuni. Kullum ina wucewa ta nan ina gaishe ki."

"Kullum."

Bi-Sawu ta dafa kantar da hannu biyu. Ta san abin da za ta roƙa shi ne ainihin abin da ta wuni tana wanke matar daga gare shi, ta kuma san ta hana ƙaninta faɗa ɗazu-ɗazun nan. Duk da haka bakinta ya buɗe.

"Ba sai kin faɗi sunan ciwon ba. Ki dai ce min da sauƙi ko babu sauƙi. Ko da kai ne, ki gyaɗa min. Babu wanda zai sani."

Sakatariya ta ajiye rezar. Idanunta sun ciko, amma kanta bai motsa ba, ko sama ko ƙasa.

"Ƙanwata, kin fitar da ni daga rami, kuma na san abin da ya ci miki. Da abin nawa ne, wallahi da na ba ki duka. Amma nasa ne. Ki je ki zauna kusa da shi, kada ki tambaye shi komai. In ya ga kin zauna, wataƙila ya faɗa."

Bi-Sawu ta ɗauki jakarta, ta bar tsanin a jingine, ta fita titi tana ɗaga wa mota hannu, hawaye yana hana ta ganin ko da fasinja a ciki ko babu.